Sallamar Mai Sigina

Aikina na albashi shi ne kula da ɗakin kwamfutoci a Bosso, cikin Minna. Ina kakkaɓe ƙura daga fanka, ina faɗa da ɗaliban da ke cusa mini filas ɗin da ba a san inda ya kwana ba, ina tayar da janareto idan an ɗauke wuta. Amma aikin da na fi so ba wanda ya sa ni, kuma ba a biyana. Akwai wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta wadda ba mallakin kowa ba ce, kowa na iya buɗe cikinta ya karanta, ya gyara, ya aika da gyaransa. Mutane ne a ƙasashe daban-daban suke haɗa ta, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Can cikinta akwai sashen da ake kira kanel, shi ne ke magana kai tsaye da ƙarfen kwamfuta. Dole ne kanel ya san halin kowane furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke cikin na'urar, in ba haka ba ko tashi ba za ta yi ba.

Ni ban iya rubuta kanel ba, kuma ban taɓa yi wa kowa ƙaryar na iya ba. Abin da na iya shi ne in karanta abin da masu iyawa suka yi, in dame su da tambaya har su gaji da ni, sannan in rubuta bayaninsa yadda mutum zai gane. Su kuwa ba abin da suka tsana kamar rubuta bayani. Mutumin da zai yi mako yana farautar kuskure ɗaya, ka ce ya rubuta maka jimla uku a kan abin da ya gyara, sai ka neme shi ka rasa. Saboda haka da na ce ina so, hannu bibbiyu suka karɓe ni, suka miƙo mini abin da kowa ke gudu: wani tsohon dangin furosesa da aka daina ƙerawa tun ina firamare. Ba shi da shafin bayani ko ɗaya. Abin da aka sani a kansa yana warwatse cikin tsoffin saƙonni da 'yan kalmomin da aka bari a gefen aiki.

Damina guda na yi a kansa. In an tashi aiki, ɗalibai sun watse, ruwa na dukan kwano, sai in zauna in yi ta tono. Wane samfuri ne ke tashi lafiya, wanne ne sai an rufe masa wani abu kafin ya yarda, wanne ne ke kuskuren lissafi har aka yi masa dabara. Ranar da aka karɓi shafin, na ga sunana a ƙasansa, na kulle ƙofar ɗakin na yi rawa ni kaɗai tsakanin tebura. Ba na jin kunyar faɗa, ban taɓa yin abin da na yi alfahari da shi kamar wannan shafin ba.

Mutanen nan suna da wata al'ada. Idan abu ya tsufa ya zame musu kaya, ba sa cire shi kai tsaye. Babban mai kula da sashen zai yi cigiya a zauren saƙonni, inda kowa ke gani, ya ce: akwai wanda ke amfani da wannan har yanzu? In akwai ya yi magana, in an ji shiru za mu cire. Kuma in an cire furosesa, shafin bayaninsa ma binsa yake yi, don ba a ajiye bayanin abin da babu. Shafina ko tsufa bai fara ba aka yi wannan cigiyar a kan furosesana.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta wa babban mai kula, ni da shi kawai, na ce me ya sa kuka bari na ƙare damina a kan abin da kuka san za ku zubar? Ya amsa mini a natse, abin da ya ƙara ba ni haushi. Ya ce ba su yanke ba tukuna. Ya ce shekara da shekaru mutum ɗaya ne ya hana su cirewa, wani mai aiko da rahoton gwaji, amma ya daɗe bai ce komai ba ban da rahoton. In zan iya samo shi ya faɗa da bakinsa cewa har yanzu yana amfani da na'urar, kuma zai ci gaba da kula da ita, za su bar komai yadda yake. Ya ƙara da cewa ai garinku ɗaya.

Na san rahoton, kowa a zauren ya san shi. Duk lokacin da aka fitar da sabon zubin kanel, wato wanda aka yi wa sababbin gyare-gyare, sai saƙonsa ya iso, a makare kullum, bayan kowa ya gama nasa gwajin ya manta. Layi uku ne: na haɗa, na tayar, ya tashi lafiya. A ƙasa sunansa, sai kuma Barkin Sale, Minna. Ranar da na fara ganin sunan unguwar sai da na miƙe tsaye don murna, ashe ba ni kaɗai ba ce a garin nan. Na rubuta masa a lokacin, da gaisuwa da komai, har da Hausa. Bai amsa ba. Na sake rubutawa da nake tsakiyar aikin shafin, ina da tambayoyin da shi kaɗai zai iya amsawa. Shiru. Bayan kwana biyu rahotonsa ya shigo zaure kamar kullum. Na yi tsaki, na sa shi cikin masu girman kai, na ce ni ma ba zan sake ba.

Yanzu kuwa dole ta sa. Ranar Asabar da hantsi na hau keke mai ƙafa uku zuwa Barkin Sale, ba ni da komai sai sunansa da abin da na tsinta a wani tsohon saƙonsa, cewa ya yi aikin jirgin ƙasa kafin ya yi ritaya. Na tambayi mai gyaran waya, bai sani ba. Na tambayi mai cajin baturi, ya tura ni wajen wata tela a bakin layi, ya ce ita ta san kowa. Na same ta da allura a baki. Na ce ina neman wani tsohon ma'aikacin jirgi mai tara tsoffin kwamfutoci.

Ta cire allurar ta ce, "Allah sarki, Baba mai sigina. Ke 'yar uwarsa ce? Ba ki ji ba?"

Na ce ban ji me ba?

"Ai ya rasu. Tun kafin daminar bara aka kai shi gida aka binne."

Wayata na hannuna, a buɗe, don na nuna mata sunan. Saƙon da ke fuskarta rahotonsa ne na ranar Alhamis da ta wuce. Na haɗa, na tayar, ya tashi lafiya. Rana tana dukana, masu babur suna ta hon a bayana, na sake duba kwanan watan saƙon. Na ce mata ko dai wani ne daban? Ta karanta sunan ta ce shi ne, matarsa na nan, gida mai bishiyar mangwaro a ƙarshen layi.

Na tarar da matar a gindin mangwaron tana ɓare egusi a faranti. Tsohuwa ce doguwa, da gilashi ɗaure da zare, da ƙaramin gicciye a wuya. Mutanen kudancin Kaduna ne da aikin jirgi ya kawo Minna tun suna matasa. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya duk da rasuwar ta daɗe. Da na ambaci kwamfuta sai ta ajiye farantin a hankali, ta cire gilashin, ta dube ni sosai.

"Kai ne suka aiko daga ofishinsu?"

Na ce, "Mama, ba ofishi ba ne, mu dai muna aiki tare da shi ne ta intanet."

Ba ta saurari wannan ba. Ta ce, "Na san wata rana za su aiko mutum. Sun daɗe. Zo ka gani, 'yata."

Babu wuta a lokacin. Ta bi da ni ta falo zuwa wani ɗaki a baya, ta ɗaga labule. Ɗakin a share yake tas, ba ƙura ko kaɗan. Kujerar katako da matashi wanda zama ya lotsa, hular ma'aikatan jirgi a rataye a ƙusa, takalmansa a jere a ƙarƙashin tebur. A kan teburin ga na'urar, akwatin ƙarfe da ya taɓa zama fari ya koma ruwan ƙwai, da allo mai ƙaton ƙeya irin wanda ɗalibaina ba su taɓa gani ba. Damina guda na yi ina rubutu a kan furosesan da ke cikin akwatin nan, ban taɓa tsayawa kusa da ɗaya ba sai ranar. Na miƙa hannu ban sani ba.

Ta ce, "Duba da ido. Kar ka taɓa."

Muna tsaye a bakin ƙofar aka kawo wuta. Na ji firij ya kama a falo. Sai wani abu ya yi ƙas a cikin akwatin, fanka ta fara juyi da gurnani, allon ya yi haske a hankali daga tsakiya. Ba wanda ya matsa kusa, ba wanda ya danna komai. Rubutu ya fara gangarowa, fari a kan baƙi. Da ya gama tashi sai na'urar ta buga ƙara sau biyu, tin, tin, a jere, irin ƙararrawar da masu sigina ke buga wa juna. Kujerar tana gaban allon, babu kowa a kai, hasken yana sauka a kan matashin.

Tsohuwar ta ce, "Ya dawo aiki." Yadda ake faɗin maigida ya dawo daga kasuwa, haka ta faɗa.

Na tsaya ina karanta allon daga nesa, kuma cikin ɗan lokaci na gane yadda abin yake. Marigayin ya saita na'urar ta tashi da kanta duk lokacin da aka kawo wuta, dabarar da duk mai kwamfuta a garin nan ya sani. Wata waya ta bi jikin bango ta fita falo zuwa akwatin intanet, wanda 'yarsu da ke Kaduna take sa wa data don ta riƙa ganin uwarta. In an fitar da sabon zubi, na'urar za ta jawo shi, ta fara haɗawa. Tsohuwar na'ura ce, haɗawar na cin kwanaki, wuta kuma ba ta zama. In an ɗauke sai ta mutu a tsakiyar aiki, in an dawo da ita sai ta ci gaba daga inda ta tsaya. Abin da ya sa rahotonsa ke makara ke nan. In ta gama sai ta tayar da kanta da sabon, ta aika layi ukun nan da sunansa. Na fahimci komai daga farko har ƙarshe, fahimtar kuma ba ta rage mini tsoro ba ko kaɗan.

Muka koma gindin mangwaro. Ta kawo mini ruwa, ta ci gaba da ɓare egusinta, tana magana ba ta kallona.

"Mai sigina ba ya tashi daga kujera sai an zo an karɓe shi. Haka dokan aikinsu. Ranan da na haifi ɗan fari, yana wani ƙaramin tasha a daji. An aika masa. Bai zo ba sai washegari, don mai karɓansa bai iso ba. Na yi fushi, na ƙi masa magana. Ya ce in ya bar wurin ba kowa, jirgi da jirgi suka haɗu, shi ne ya kashe mutane."

Ta zubar da ɓawon a ƙasa. "A asibiti ma, abin da ya ce mini ke nan. Kar a kashe injin, akwai mutane suna jiran amsana. Ban kashe ba. Yara sun zo sun ce a cire, na ce sam. Fasto ya zo ya yi addu'a a ɗakin, ya ce Mama, ƙarfe ne kawai. Na sani ƙarfe ne. Amma har yau suna tambayansa yana amsawa, ko ƙarya ne?"

Na ce ba ƙarya ba ne.

"To. Mutum ya mutu yana aiki, yaushe zai huta? 'Yata ta gyara mini ɗaki a Kaduna, ta ce in koma wurinta. Ƙafana yana ciwo, ba mai ɗebo mini ruwa. Amma in tafi in bar shi a bakin aiki shi kaɗai? Ka gaya wa manyanku su sallame shi. Ya yi musu ya isa."

Na zo neman mutumin da zai ceci shafina, ga shi ana roƙona in je in kashe shafin da hannuna. Zan faɗi gaskiya, a keken komawa haushi nake ji, har da na marigayin. Na ce a raina, in na yi shiru wa zai sani? Rahoto na zuwa, ba ƙarya a cikinsa, na'urar tana tashi da gaske. Ina iya cewa na same shi ba shi da lafiya, ba ya son yawan rubutu. Na kai ƙarshen wannan tunanin na ji ƙyamar kaina, amma ban rubuta komai ba a ranar, haka washegari.

A makon aka fitar da wani ƙaramin zubi, bayan kwanaki rahoton ya shigo. Ina zaune a ɗakin kwamfutoci da rana tsaka, ɗalibai cike, na ga sunansa ya bayyana a saman saƙonni. Ban ko buɗe ba sai ga amsa a ƙarƙashinsa daga wani mutum a wata ƙasa mai nisa. Ya ce: na gode kamar kullum, da fatan kana lafiya, muna jiran ra'ayinka kan cigiyar nan. Na duba kalmomin nan, na tuna kujerar da matashinta. Mutane suna gaida mamaci suna jiran ya amsa, ni kaɗai ce a zauren na sani.

A take na rubuta, ga kowa da kowa. Na ce ya rasu, na faɗi abin da na gani a ɗakin, na faɗi abin da matarsa ta roƙa. A ƙarshe na yi ƙoƙarina na ƙarshe, na ce in sun yarda zan ɗauki na'urar in ci gaba da gwajin da sunana.

Daga nan ta'aziyya ta fara shigowa daga mutanen da ba su san ko fuskarsa ba. Wani ya ce shekarun baya marigayin ne ya gano masa wani kuskure da ya hana shi barci. Babban mai kula ya gode mini, sannan ya yi tambayar da na san zai yi: ban da gwaji, akwai wanda ke aiki da irin wannan furosesa? Na zaga shagunan masu gyaran kwamfuta a Bosso, suka yi ta mini dariya. Aka ce wata makaranta a Beji ta taɓa samun irinsu kyauta. Na je, na tarar an cire cikinsu tuntuni, akwatunan ne kawai a sito ana ajiye alli a ciki. Na dawo na rubuta cewa babu. Ya ce to, na'urar da ake kunnawa don kawai a tabbatar tana kunnuwa ba ta da mai amfani da ita, sun daɗe suna ɗauke da kayan ne saboda shi. Za a cire.

A al'adarsu, wanda ya rubuta shafi shi ake ba ya aiko da faci, wato rubutaccen gyaran da zai goge shi. Ni aka ba. A cikin facin guda na cire sunansa daga cikin masu kula da aiki na mayar da shi inda ake ajiye sunayen waɗanda suka yi hidima suka gama, na goge shafina layi bayan layi har ƙasa inda sunana yake. Na yi kuka, kuma ban san ko na wane ne a ciki ba. Babban mai kula ya rubuta 'yan kalmomi a saman facin, ya ce an gode masa, an karɓi aikin daga hannunsa.

Na kai mata labarin da kaina. Na fassara mata kalmomin da Hausa, ta sa na maimaita wurin da aka ce an karɓi aikin. Na ɗauka za ta tashi ta kashe na'urar a lokacin. Sai ta ce, "Ni na ji. Shi ya ji?"

Sai na gaya mata yadda zai kasance. Sabon zubi zai fita babu furosesansa a ciki. Na'urar za ta jawo shi kamar kullum, ta haɗa, ta yi ƙoƙarin tashi da shi, ba za ta iya ba.

Ta ce, "To mu jira ya ji da kansa."

Muka jira. Zubin ya fita, na'urar ta jawo, ta shiga haɗa abin da zai tsayar da ita, tana yi da ƙwazonta na kullum. Wuta ta yi ta wasa da mu a makon, a kawo a ɗauke. Kullum in na tashi aiki sai in biya Barkin Sale, in tsaya a bakin labule in duba inda ta kai. Ban taɓa jin nauyin kallon allo irin na kwanakin nan ba. Tsohuwar ta fara ɗaure kayanta a buhuna a falo, amma ba ta taɓa komai na ɗakin baya ba.

Wata Laraba da la'asar na ga saura kaɗan. Na gaya mata. Ta shiga ɗaki ta sauya zane, ta ɗaura kallabin zuwa coci, ta kawo kujeru biyu ta ajiye a bakin ƙofa. Kujerarsa ba wanda ya zauna a kai. Muna zaune rubutun ya gama gudu, allon ya yi baƙi, fanka ta yi kamar za ta tsaya ta sake kamawa. Layi ɗaya ya fito a sama. A ƙarƙashinsa wani ɗan ƙaramin haske yana ƙiftawa. Na ga bakinta ya ɗan buɗe tana jiran ƙararrawar. Muka jira. A waje mai sayar da ruwa ya wuce yana buga jarka, aka kira sallar la'asar a masallacin layi aka idar, ɗan hasken nan yana nan yana ƙiftawa a wuri ɗaya.

Ta ce, "Ya ji?"

Na ce, "Ya ji, Mama."

Dole na ƙara mata da abin da ban so faɗa ba. Mijinta mutum ne mai tsari, na tabbata ya bar wa na'urar hanyar komawa. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, za ta tashi da tsohon zubi, ta aika musu da sunansa cewa sabon ya ƙi tashi, a gyara. Na ce in za a cire, yanzu ne, kafin a ɗauke.

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango, ta shiga ɗakin. Ta tsaya a bayan kujerarsa ta dafa majinginar da hannu ɗaya. Ta yi magana da yarensu, a hankali, doguwar magana, ban ji ko kalma ɗaya ba kuma ban tambaya ba. Sannan ta ce da Hausa, "An karɓe ka. Tashi ka je gida." Ta sunkuya ta zare wayar daga soket. Fanka ta yi ta raguwa har ta tsaya. Sai a lokacin na gane tun da na fara shiga gidan da wuta ban taɓa jinsa shiru ba.

Ta zauna a kujerarsa. Ta cire gilashin ta riƙe a cinya, hawaye na zuba ba ta share ba. Can ta ce in ɗauki akwatin in tafi da shi yau, ba ta so ya kwana a gidan, kada ta tashi da safe ta mayar da wayar.

Na ɗauko shi a ƙirjina zuwa bakin titi, ya fi yadda na zata nauyi. Na tare keke, na zauna a baya na ɗora shi a cinyata. Ƙarfen da ɗumi, ɗumin yana ratsa zanena. Na ɗauka iska za ta huce shi kafin mu fita unguwar, amma har muka hau babban titi yana nan, na rungume shi da hannu biyu saboda ramuka. Mai keken ya leƙo ta madubi ya ce, "Hajiya, gyara za a kai?"

Na girgiza masa kai kawai, na ƙara riƙe akwatin.